Ina ɓacewa a tsakiyar kiɗan blues, a taimaka

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina zuwa ajin koyon jita a nan Cikago. Bayan darasi akan zauna da'ira a yi blues tare, kowa ya ɗauki zagaye ɗaya mai gaɓa 12 (gaɓa ita ce ma'aunin tsawon kiɗa), sauran suna riƙe masa kiɗa.

A ɗakina lafiya lau nake bin A, D da E, wato haɗin sautuka (chords) uku da kiɗan ke juyawa a kansu. Amma da malam ya ɗaga mini gira, sai lissafi ya kwance. Jiya ina kan D jama'a har sun koma A, sai da dattijon gefena ya riƙa buga ƙafa kafin na dawo hanya. Kunya kamar in nutse.

Ƙirge zan riƙa yi a zuci, ko mai ganga zan bi? Kuma laifi ne in ce a tsallake ni?