Gadar Yagwa ta buɗe, in sayi fili ko in dakata?

Ɗan Marwa: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na sayar da shanu ina da wajen miliyan 8 na sefa a hannu, kuma tun da aka buɗe gadar Logon tsakanin Yagwa ta Kamaru da Bongor ta Chadi a 2025 kowa sai cewa yake fili a Yagwa zai yi tsada. Tunanina in sayi fili kusa da hanya in gina sito in ba 'yan kasuwa haya. Ko in sa kuɗin a sola?

Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Alhaji sito dai sito, da can kwale-kwale ne ke tsallaka da mutane, yanzu babbar mota ke hawa da buhunanta, ga shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY a nan Yagwa da Maga, ga hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri da ta gama cinye mana tayoyi, to direban da zai kudancin Chadi, Mundu ko Kelo, me zai kai shi gadar Nguweli ta tsakanin Kuseri da Njamena? Amma kuɗi ba a bakin gada yake ba, yana inda mota ke kwana tana jiran takardun duwan, wato kwastan. Je ka zauna kwana uku wajen mai shayi ka ƙirga motocin da idonka.

Baba Direba: Yaro kar ka sayi fili da rani. Na ce kar. A 2024 ruwa ya shiga Yagwa har cikin ɗakuna, ni da idona na ga buhun gero ya tsiro a sito. Je ka a Satumba ka duba bangon maƙwabta, layin da ruwa ya bari yana nan.

Hajiya Garwa: Ƙanena maganar Baba gaskiya ce, ka ƙara da takarda. Mijina ya sayi fili da sa hannun jauro, wato mai unguwa, kawai, bayan shekara biyu wani ya fito da titir fonsiye, takardar mallakar fili ta gwamnati, har yau muna zarya. Sola kuma kar ka raina, madatsar ruwan Lagdo mai ba mu wuta tun 1982 take, ruwa na ja baya wuta ta fara wasa, shi ya sa aka kafa tashoshin sola na Marwa da Gider. Firiza biyu da fanel a watan Afrilu, ƙanƙara kaɗai za ta biya maka mai gadi.

Ɗan Marwa: Na gode Hajiya, Allah ya fitar da ku. Baba to in filin tudu ne amma kilomita 3 daga kwalta fa?

Baba Direba: Tirela ba ta shiga laka saboda kai.