Wa ya taɓa taka keke a Dajin Dean?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na samu keken burji na hannu, taya mai faɗin milimita 40, kuma na gaji da zagayen bakin ruwa a Bristol. Ina son in shiga Dajin Dean, da ke yammacin Ingila kusa da iyakar Wales, kwana biyu, makon farko na Oktoba. Ba na son kwalta, ba na kuma son gangaren nan na masu tsalle-tsalle da ke karya ƙashi. In da abin tarihi a hanya ya fi, don ba tsere zan je yi ba. Wa ya san wurin?

Baban Iman: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka zo gidan sauƙi, shekarata shida a Gloucester, dajin nan bayan gidana ne. Fara da Cannop, inda cibiyar kekuna take. Akwai zagaye mai suna Colliers Trail, mil 9, tsakuwa ce dandaɓaɓɓiya, kusan duk a kan tsohon layin dogon da ke kwaso kwal. Jirgi ba ya son tudu, shi ya sa hawan ba ya wahalarwa. Za ka riƙa wuce alluna da sunayen tashoshin da da ramukan kwal, Foxes Bridge, Lightmoor, New Fancy. A New Fancy ka jingine keken ka hau tudun. Ba tudun Allah ba ne, tarin ƙasar da aka tono ce daga rami, an rufe ramin a 1944, ciyawa ta rufe shi. Daga sama ba abin da za ka gani sai kan bishiyoyi har iya ganinka.

Injiniya: Alhaji, da girmanka, yaro ya ce kwana biyu zai yi ka ba shi hanyar yara? Colliers ɗin nan ranar Asabar cike yake da iyaye masu jan tirela da karnuka. Awa ɗaya da rabi ya gama.

Baban Iman: Injiniya ai ban ce ya tsaya nan ba. Ƙashin bayan tafiyar ne. Daga jikinsa hanyoyin motocin katako suke fita ta ko'ina, masu daɓen dutse, kuma an yarda a hau keke a kansu. Mutum ya ratse ya dawo yadda ya ga dama.

Injiniya: To na yarda. Amma abin da zan ƙara, kada ka bar dajin ba ka bi layin Parkend zuwa Coleford ba. Wajen Milkwall akwai kufan maƙerar Darkhill, a buɗe take, ba kuɗin shiga, kuma yawancin mutane wucewa suke ba su san me suka wuce ba. David Mushet ne ya gina ta a 1818. Ɗansa Robert shi ne ya warware matsalar da ta addabi hanyar Bessemer ta yin ƙarfe, ya gano a zuba wani haɗin ƙarfe mai manganis a ƙarshen narkarwa, ƙarfen ya daina farfashewa. Dogon ƙarfe na farko irin wannan da aka shimfiɗa wa jirgi, a Derby a 1857, nasa ne. Ni da na tsaya a wurin sai da jikina ya yi sanyi, bangaye kawai da ciyayi da tumaki suna kiwo a ciki. Hawa ne a hankali daga Parkend, giya mai sauƙi ta ishe ka.

Wani lokaci in ina kan waɗannan hanyoyi sai in tuna ƙaramin layin dogon nan na Zariya zuwa Jos da aka yi don kuza, aka rufe a 1957. Da an daɓe shi an bar wa masu keke, ai da ba mu zo nan muna yaba na wasu ba.

Maman Hanif: Ɗan Auta, kafin a yi nisa, ka ce makon farko na Oktoba? Ka matso da shi cikin Satumba. Ramin jirgin Tidenham daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba kawai ake buɗe shi, da rana. Sauran watannin na jemagu ne, ana kulle ƙofa.

Ɗan Auta: Wane rami kuma Hajiya? Ban ma san da shi ba.

Maman Hanif: Shi ne ai daɗin tafiyar. Hanyar Wye Valley Greenway, daga Sedbury kusa da Chepstow zuwa Tintern, wajen mil 5. An buɗe ta a 2021. Tana ratsa cikin dutse sama da kilomita ɗaya. Fitilun ciki ƙanana ne, a ƙasa-ƙasa suke saboda jemagun, kuma ana roƙon kada a haska tocila ko fitilar keke. Minti na farko ba ka ganin komai, ka rage gudu ka bari idonka ya saba. Ga sanyi kamar cikin randa, ruwa na ɗiga daga sama, ka sa riga mai kauri ko ana rana a waje. Mun je da yara bara, ƙaramin ya yi ta karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi har muka fita, yayarsa tana dariya.

Da ka fito kana cikin kurmi, kogin Wye na ƙasa ta hagunka, har ka iso tsohuwar gadar ƙarfe ka tsallaka. Tsallakawar nan ka bar Ingila ka shiga Wales. Kufan Tintern na nan gabanka. Mazaunin masu zuhudun Kirista ne, an kafa shi a 1131, Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1536, aka ɗaye darmar rufin aka sayar. Bangayen da manyan tagogin suna tsaye, sama ce rufinsu. Ana biyan kuɗin shiga, amma ko daga bakin hanya ka ga rabin abin.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri Hajiya, da na je na tarar da kwaɗo. Zan mayar da shi Asabar ta ƙarshen Satumba.

Kawu: Tunda daga Bristol kake, ba sai ka hau jirgi ba wajen tafiya. Tsohuwar gadar Severn, ta 1966, tana da hanyar masu keke da masu ƙafa a gefe, kyauta, ta sauke ka a Chepstow. Sai dai iska. Ranar da na bi ta sai da na sauka na tura. In ka isa ka leƙa ganuwar Chepstow a kan gaɓar dutse, tun 1067 aka fara ta, shekara ɗaya bayan Normandawa sun ci Ingila.

Gargaɗina ɗaya ne. Kada ka ba manhajar waya amana ido rufe. Wata ta taɓa zana mini hanya mai kyau a allo tsakanin Tintern da St Briavels, ashe hanyar masu ƙafa ce. Shinge bakwai na ɗaga keke na tsallake, ga taɓo har idon sawu, wani manomi ya tsaya yana kallona bai ce uffan ba. A ƙasar nan hanyar ƙafa ba a hawa keke a kanta, sai wadda aka yarda wa dawaki. Ka duba alamar: kibiya rawaya ta masu ƙafa ce, shuɗiya taka ce.

Likita: Kawu ya faɗi gaskiya. Ni nawa na aiki ne. Akwai kaska a cikin ciyayin nan masu tsawo, saboda barewa da tumaki. Da ka dawo masauki ka duba bayan gwiwa, ƙugu da hammata. In ka samu, ka cire ta da hantsaki a miƙe, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata man shafawa irin yadda muke yi a gida. In bayan kwanaki ka ga jan tabo yana faɗaɗa kamar zobe, ka je a duba ka, ciwon Lyme ba wasa ba ne. Hular kwano kuma ba kwalliya ba ce.

Ɗan Auta: Likita, an ce akwai aladun daji. Da gaske?

Likita: Da gaske mana. Za ka ga gefen hanya duk an tone kamar an yi huɗa, aikinsu ne. Gudun mutum suke yi, da wuya ka gan su sai da asuba ko gab da magariba. In ka haɗu da uwa da 'ya'ya ka tsaya, ka ja baya, ka ba ta hanya. Ni dai tumaki sun fi ba ni tsoro, sai su kwanta a tsakiyar hanya bayan lanƙwasa, ba ruwansu da birkinka.

Malam Babba: Tumakin nan da Likita ke kuka da su, haƙƙi ne tsoho, mutanen dajin suna sakin dabbobinsu su yi kiwo ba makiyayi. An sha rigima a kai. Bayan Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya zo a 1802 ya ga itatuwan oak da ake sassaƙa jiragen yaƙi da su sun yi ƙaranci, gwamnati ta yi doka a 1808, ta killace yanki mai yawa ta shuka sabbi, aka hana kiwo da itacen girki. A 1831 wani mai haƙar kwal, Warren James, ya jagoranci jama'a suka rushe shingayen. Aka kawo soja, aka kama shi, aka kore shi zuwa tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, can ya mutu. Duk wanda ya taso inda ake faɗa kan burtali da gandun daji ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manyan itatuwan da za ka bi ta ƙarƙashinsu, da yawansu na wancan shukar ne, kuma kafin su isa sara an koma yin jiragen ƙarfe.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yantattun mahaƙa. Dokar 1838 ta ce wanda aka haifa a gundumar St Briavels, yake zaune a cikinta, ya kai shekara 21, ya kuma yi aiki shekara ɗaya da kwana ɗaya a ramin kwal ko na tama, yana da ikon a yi masa rajista ya buɗe raminsa. Babban ramin kwal na ƙarshe an rufe shi a 1965, amma waɗannan ƙananan suna nan, mutum biyu ko uku a rami. Hopewell kusa da Cannop yana shigar da baƙi ƙarƙashin ƙasa, mahaƙi ne da kansa yake zagayawa da kai. Awa ɗaya ce da ba za ka yi da-na-sani ba. Ka kuma ratsa Speech House, ginin shekarun 1670, otal ne yanzu amma kotun masu kula da dajin har yau a ciki take zama.

Injiniya: Malam ya buɗe aji. Ɗan Auta ka kawo littafi.

Malam Babba: Kai da ka yi mana huɗubar manganis?

Baban Iman: To bari in ɗinke muku shi. Ranar farko: Chepstow, rami, Tintern, Brockweir, sai hawa zuwa St Briavels. Hawan nan kada a ɓoye maka, sama da mita 200 ne daga bakin kogi, kwalta ce siririya tsakanin shingaye, da kaya a keke za ka tura, ba abin kunya ba ne. Ka kwana a cikin ganuwar St Briavels ɗin kanta, masaukin matafiya ne mai sauƙin kuɗi tun 1948. A ƙarni na 13 nan ake ƙera wa sarki kibau dubu-dubai da taman dajin. Ka nemi gado da wuri, wani lokaci ƙungiya ɗaya ke kama gidan gaba ɗaya. Rana ta biyu: Clearwell, inda kogwannin tama suke kuma har yanzu ake ɗebo jar ƙasa ta fenti, sai Milkwall, Darkhill, gangara zuwa Parkend, zagayen Colliers da duk ratsen da ƙafarka ta iya, ka sauka Lydney ka hau jirgi.

Maman Hanif: Alhaji ka zubar da Symonds Yat, ƙauyen nan na bakin kogin Wye? Hanyar Peregrine daga Monmouth a bakin kogi, ga gadar Biblins mai lilo, ga kwalekwalen da ake ja da hannu a jikin igiya, ga shahon da ke sheƙa a jikin dutse. Yarana har yau zancenta suke.

Baban Iman: Ban zubar ba Hajiya, kwana biyu ne ba su ɗauka. Yana can arewa, in ya cusa shi zai wuni yana kallon agogo. Ya bar shi sai bazara, mu je tare da iyali.

Injiniya: Ni da zan cire Chepstow in sa Symonds Yat.

Maman Hanif: Ya rasa ramin kenan, bayan ya canza rana saboda shi?

Injiniya: Na janye.

Ɗan Auta: Abinci fa, da salla?

Baban Iman: A cikin dajin ba za ka samu naman halal ba, shayi da kek da kifi da dankali ne. Ka yi guzuri daga Bristol, dabino, gyaɗa, burodi, in kana da kilishi ka ci sarauta. Matafiyi ne kai, ka yi ƙasaru, ka ɗauki ƙaramar darduma mai naɗewa, wuri mai tsabta ba ya wuya a daji, sai dai ka duba kashin tumaki. In ka biyo ta Gloucester wajen komawa, unguwar Barton Street akwai masallatai da shagunan halal, kuma tuwo na jiranka a gidana.

Kawu: Tib biyu, famfo, kayan faci, da mahaɗin sarƙa. Ka rage iskar tayar kaɗan, kada ka buga ta kamar ta kwalta, in ba haka ba gargada za ta kashe maka hannu. Ka sauke taswira a waya tun daga gida, cikin kwarin nan sabis ɗaukewa yake. Daga Parkend zuwa Lydney titin mota ne mai kwana-kwana, ka kunna fitilar baya, kada ka kai magariba.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na rubuta duka. Akwai mai rakiya?

Injiniya: Ranar Lahadin zan same ka a Milkwall ƙarfe goma, in nuna maka Darkhill da kaina.

Likita: Ina aikin dare ranar Juma'a. In an samu mai canza ni zan biyo ku, amma hawan St Briavels ɗin nan a mota zan yi shi.