Walda, liƙi ko dalma: wane suna ya dace da aikin haɗa ƙafafun kayan lantarki?

'Yan'uwa masu sha'awar gyaran rediyo da ƙera ƙananan na'urori, akwai kalmar da ta daɗe tana ba ni wahala duk lokacin da na zauna koya wa wani wannan aiki, wato abin da Turawa ke kira "soldering". Ina so mu tsayar da suna guda, domin na lura cewa sunan da aka ba aiki yakan gyara hannun mai koyo ko ya ɓata shi.

Walda ce kalmar da ta fi saurin zuwa baki, amma ba ta dace ba. Mai walda yana narkar da ƙarafan da yake son haɗawa su kansu, alhali a namu aikin tagullar da ke jikin allon da ake dasa kayan a kai da ƙafar kayan ba sa narkewa ko kaɗan, tunda tagulla sai zafi ya kai digiri 1085 a ma'aunin Celsius take narkewa, ƙarfe mai zafi da muke riƙewa muna aikin da shi kuwa yawanci tsakanin 320 da 370 ake ajiye shi. Abin da ke narkewa shi ne siririyar wayar nan mai laushi, wadda idan haɗinta kashi 63 kuza ne, 37 dalma, take zama ruwa a digiri 183.

Wani dattijo mai gyara ya ce mini, "Ɗana, mu dalma muke cewa, kuma kowa yana ganewa." Gaskiyarsa, kuma ba na raina kalmar da hannu ya saba da ita. Sai dai tun ranar 1 ga Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a yawancin kayan lantarki, shi ya sa na'urori da yawa na yanzu an haɗa su ne da kuza mai ɗan azurfa da tagulla, wanda narkewarsa ke farawa wajen digiri 217. Idan muka ɗaure sunan aikin a jikin dalma, za mu wayi gari muna cewa "dalma marar dalma". Ga kuma buƙatar a bar kalmar ta riƙe matsayinta na gargaɗi, domin dalma guba ce, kuma wanda ya taɓa wayar da ke ɗauke da ita wajibi ne ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Saura liƙi, kuma a nan na fi daɗewa ina kai da kawowa. Aibinsa shi ne yana kawo gam a zuciyar mai koyo, sai ka ga ya ɗebo narkakkiyar waya a bakin ƙarfe ya ɗiga a kan ƙafar da ba ta yi zafi ba, kamar mai manna takarda. Abin zai daskare ya dunƙule, a ido kamar ya kama, bayan kwana biyu wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. A haƙiƙa kuza yana cin ɗan saman tagulla ne su gauraya, kuma hakan ba ya faruwa sai an ɗumama ƙafar da mazauninta tare, sannan a kawo wayar ta narke a jikinsu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Duk da haka liƙi ya fi sauran kusa, domin tun da can Bahaushe yana kiran toshe ɓular kwano da narkakken ƙarfe liƙi, ke nan kalmar ta san wuta. Abin da take buƙata shi ne abokiyar tafiya da za ta raba ta da gam.

Shawarata ita ce mu ce "liƙin kuza", saboda kuza ne ke cikin tsohon haɗi da sabo. Daga nan sauran sunayen suna fitowa ba wuya: ƙarfen liƙi, wayar liƙi, sannan wancan mummunan haɗin da bai ji wuta ba mu kira shi "ɗanyen liƙi", sunan da shi kaɗai ya isa ya gaya wa yaro inda ya yi kuskure.

Akwai ragowar abu guda, wato maganin da ke cikin cikin wayar, wanda galibi daga ƙaron itacen fayin (wanda Turawa ke kira "pine") ake samo shi, mai cinye dattin saman tagulla don narkakken ƙarfen ya malala, kuma shi ne ke fitar da hayaƙin da ya kamata a kawar da hanci daga gare shi. Kalmar sinadari, kafin ta zama ta masana kimiyya, ta maƙera ce masu haɗa ƙarfe. Ina ganin mu maido ta gida mu ce "sinadarin liƙi". Malamai da masu gyara, idan a bakinku akwai sunan da ya girmi wannan, ku kawo shi mu auna.