Me ya sa ake rubuta "an hour" amma kuma "a university"?

Bilkisu:
Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa kalmar da ta fara da wasali, wato a, e, i, o, u, "an" ake sa mata, sauran kuma "a". To ga shi ina ganin "an hour" da "a university" a littattafai. Kuskuren bugu ne? Sannan waɗanne kalmomi ne ba a sa musu ko ɗaya daga ciki?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Ba kuskure ba ne, rabin ƙa'idar aka ba ku. Sautin da kalma ta fara da shi a baki ake bi, rubutu ba ya yanke hukunci. A "hour" ba a furta h ɗin, bakinki da wasali yake farawa, shi ya sa ake cewa "an hour". Haka "an honest man", "an heir", "an honour". Amma a "house" da "hospital" h ɗin yana fita, don haka "a".

Ita kuwa "university", ki furta ta ki saurara: "yu" za ki ji, kuma y baƙi ne. Shi ya sa "a university", "a uniform", "a European", alhali ana cewa "an umbrella" da "an uncle". Haka "one", da sautin w take farawa: "a one-day seminar".

Ki kuma kula, kalmar da ke biye nan take ita ake duba, ko da sifa ce: "an egg" amma "a big egg", "a man" amma "an old man".

Malama Hadiza:
Bilkisu, tambayarki ta biyu kan ci makin ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO. Asalin "an" daga kalmar "ɗaya" ta tsohon Turanci take, saboda haka sai sunan da ke ƙirguwa, kuma tilo, yake ɗaukarta. Ba a cewa "a books". Ba a kuma cewa "an advice", "an information", "a furniture", "an equipment", "a luggage" ko "a good news", domin Turanci ba ya ƙirga waɗannan. Mu kan faɗa ramin ne saboda a Hausa muna da shawara da shawarwari, labari da labarai. In guda ake nufi, sai a ce "a piece of advice", in kuma ba a ƙayyade ba, "some advice".

Akwai kuma inda muke tsallake ta alhali dole ce. Bahaushe zai ce "shi malami ne", ya ɗauko tsarin nan ya rubuta "He is teacher". Sana'a tilo ba ta tsayawa haka: "He is a teacher", "She is an engineer". Wani lokaci ma'ana ce take juyawa gaba ɗaya. "I have a few friends" na nufin ina da wasu abokai, sun ɗan ishe ni. "I have few friends" kuwa kukan rashin abokai ne.

Bilkisu:
Allah ya saka da alheri, Malama. To gajerun sunaye fa, irin su NGO?

Malam Auwal:
Ƙa'idar Malam Sani ce dai. In harafi-harafi ake karanta su, sunan harafin farko za ki duba. F, H, L, M, N, R, S da X baƙaƙe ne a rubuce, amma sunayensu da wasali suke farawa: "ef", "em", "en", "es". Don haka "an NGO", "an MP", "an FM station", "an SMS". U kuma "yu" ake kiransa, sai a ce "a UN official". In kuwa a dunƙule ake furta sunan kamar kalma, sautin kalmar ake bi: "a NATO summit", "a NECO candidate".

Inda Turawan su kansu suka rabu shi ne "herb". A Amurka galibi ba sa furta h ɗin, suna cewa "an herb", a Ingila kuma "a herb". Za ki kuma ci karo da "an historic" a wasu rubuce-rubucen, musamman tsofaffi. Ke dai tunda kina furta h ɗin, ki rubuta "a historic", kuma a jarrabawa ki bi furucin Ingila ki rubuta "a herb".