Muhawara: Shin waɗanda suka tsaya wa mai ciwon damuwa su ne maganinsa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban ce uffan ba, amma yau akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Na yi fama da ciwon damuwa mai tsanani bayan haihuwata ta biyu, har ta kai ba na iya barci, ba na jin daɗin komai, kuma idan jaririna ya yi kuka sai in ji kamar daga nesa nake jiyo shi. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne yadda wasu dangina suka riƙa cewa shagwaɓa ce da rashin godiyar Allah, tunda ina da miji da 'ya'ya da rufin asiri. Yanzu da na samu sauƙi har nake dariya, su ɗin ne suke cewa ai dama sun faɗa zai wuce. Ina so su sani ba da kansa ya wuce ba. Yayata da mijina da wata ƙawata ne suka riƙe ni, ba su taɓa ce mini in daure ba, kuma ba su gaji da shiruna ba. Su ne maganina, kuma ban yafe wa waɗanda suka yi mini dariya ba tukuna.

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya yaran. Sai dai ba zan iya wuce kalmar "maganina" ban yi magana ba, domin akwai masu karantawa a nan da suke cikin halin da kika fito. Ciwon damuwa cuta ce da likitoci suke ganewa idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai ya ɗauki aƙalla mako biyu, kusan kullum, tare da rikicewar barci da ci da tunani. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 280 suna ɗauke da ita, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego suna kamuwa. Idan muka ce ƙawa ko miji magani ne, to wadda take da su kuma ba ta warke ba za ta ɗauka laifinta ne, ko kuma ta ƙi zuwa asibiti.

Malamin Makaranta: Malama, da girmamawa, kin yi wa baiwar Allah nan gaggawa. Wane ne ya ce magani sai abin da aka haɗiya da ruwa? Jami'ar Harvard da ke Amurka ta fara bin rayuwar wasu mutane tun 1938, ta bi su daga samartaka har tsufa, kuma abin da masu binciken suka fi nanatawa shi ne kyakkyawar alaƙa da mutane ta fi dukiya da suna tasiri a kan farin ciki da lafiyar mutum. Idan abu yana kare lafiya kuma yana dawo da walwala, ban ga dalilin hana shi wannan suna ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, mutanen da aka fara wannan bincike da su maza ne zalla, su 724, kuma tambayar da aka bi ita ce me yake sa rayuwa ta yi kyau, ba me yake warkar da mai jego da ta daina barci ba. Wanda ya karye yana buƙatar wanda zai tallafe shi, amma tallafi ba ya maye gurbin ɗori.

Ɗan Kasuwa: Ni ban yarda da ɓangarorin biyu ba. Waɗannan ƙwayoyin da ake ba mutane, na ji an ce duk wanda ya fara su ba ya rabuwa da su har abada, kuma na san wani da ya sha ya koma kamar ba shi ba. Maganar gaskiya ita ce zuciyar da ta cika da tawakkali ba ta da wurin da damuwa za ta zauna. A koma ga addu'a, a bar ɗauko sunayen cututtuka ana liƙa wa kai.

Ɗalibin Ilimi: Yaya, ka ji tsoron Allah a kan wannan hukuncin. A cikin Suratu Yusuf an ba mu labarin Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma babu wanda ya isa ya ce tawakkalinsa ne ya yi rauni. Haka kuma Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake faɗo wa mutum ba gaira ba dalili, ya kuma ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar jiyya. Ashe ke nan ba yau aka fara ɗaukar abin a matsayin ciwo ba.

Ɗan Kasuwa: Ƙanena, tun kafin ka buɗe littafi nake jin karatun Suratu Yusuf. Ban ce kada a yi baƙin ciki ba, kuma bai kamata ka jawo sunan Annabi cikin gardamar ƙwaya ba. Ka fara koyon yadda ake magana da na gaba da kai.

Ɗalibin Ilimi: Ban raina ka ba, Yaya, amma shekaru ba hujja ba ne. Kai ne ka fara auna imanin mutane da ciwonsu, alhali matar nan ta faɗa mana cewa irin wannan maganar ce ta fi yi mata zafi.

Ma'aikaciyar Jinya: Bari in gyara batun ƙwayoyin, domin "na ji an ce" ta hana mutane da yawa samun lafiya. Magungunan damuwa irin su fuloksetin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1987, ba sa sa maye kuma ba sa sa mutum ya riƙa ƙwaɗayinsu. Sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, kuma ana so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi don kada ciwon ya dawo. Wanda ya yanke su farat ɗaya yakan ji jiri da rashin barci, shi ya sa ake rage su a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Ba kowa ne ma ake ba su ba, domin idan ciwon bai yi tsanani ba akan fara da zaman tattaunawa da ƙwararre.

Hajiya Babba: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda maza uku suka cika wurin nan da bayani a kan abin da mai jego take ji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yata, kin yi daidai, kuma ina bayanki ko da duk zauren nan zai taru a kanki. Ke kuma ma'aikaciyar asibiti, ban yi tsammanin mace ce za ta fara tsinke mata magana ba.

Malamin Makaranta: Hajiya, ni fa goyon bayanta na yi, amma kin haɗa ni da waɗanda suka soke ta. Kuma ciwon nan ba na mata kaɗai ba ne. Gaskiya ne ya fi yawa a cikin mata, amma maza sun fi mutuwa ta hanyar kashe kai a faɗin duniya, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake ambata shi ne ba a ba su damar faɗin abin da yake cin ransu, kamar yadda kike so ki yi mana yanzu.

Hajiya Babba: Malam, ka buɗe naka zancen a kan maza, za mu zo mu saurara. Wannan na 'yata ne.

Uwar Biyu: Don Allah ku tsaya. Babu wanda ya tambaye ni abin da mutanen nan uku suka yi mini. Yayata ce ta lura na daina wanka da amsa waya, ita ta nemi ganin likita ta kuma raka ni, saboda ni a lokacin ko ƙofar ɗaki nauyi take yi mini. Mijina ya karɓi rainon dare don in samu barci, shi yake tuna mini shan abin da aka rubuta mini a ranakun da na ce babu amfani. Ƙawata kuwa zuwa take yi ta zauna kusa da ni ba tare da ta nemi in yi mata hira ba. A kan dangina na yi ƙorafi, amma kun bar su kun kama kalma ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya: To alhamdu lillahi, ashe kin ga likita kin sha magani. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Malamin Makaranta: A'a Malama, abin da ni nake faɗa ke nan. Ba don yayarta ba, da ba ta taka asibitin ba. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ka faɗa da bakinka cewa horar da su aka yi, kuma akwai tsarin zama da suke bi, suna tura wanda abinsa ya yi tsanani wurin ƙwararru. Wannan jiyya ce, ba zumunci ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, zan rufe wannan zancen haka. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun yarda da Malam cewa mutanen kirki su ne ginshiƙin warkewa, kuma shaidar da mai maganar ta bayar da kanta ta tabbatar da hakan, kamar yadda na sha gani a rayuwa. 'Yar'uwarmu ta asibiti ta kawo bayanai masu amfani, sai dai ta tsananta a kan kalma. Saɓanin da ya shiga tsakanin Alhaji Ɗan Kasuwa da ɗalibinmu rashin fahimta ne kawai, ina roƙon ƙaramin ya ba babban haƙuri.

Ma'aikaciyar Jinya: Ranka ya daɗe, ban ga inda aka ƙirga "yawancinmu" ba, kuma ka tsallake cewa ita kanta ta sha magani. Kafin ka rufe, ina roƙon duk wanda yake karanta wannan kuma tunanin cutar da kansa yake zo masa, ya faɗa wa wani da ya amince da shi yau, su tafi asibiti tare, kada ya jira a gama wannan gardamar.