Na danna fayil sau biyu, wata manhaja daban ce ta buɗe shi

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya duk takardar PDF da na danna sai ta buɗe a cikin burauza, alhali ina da manhajar da nake sa hannu a takardu da ita. Yanzu sai na buɗe manhajar tukuna, sannan in shiga lalubo fayil ɗin. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya ba mu labari.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Malam. Windows ba ta leƙa cikin fayil, wutsiyar sunansa take dubawa, wato .pdf ko .jpg ko .docx, kuma kowace wutsiya da manhajar da aka ɗaura mata. Ka danna takardar da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Open with, sannan Choose another app. In Windows 10 ce ka sa alama a ɗan akwatin da ke ƙasa, in 11 ce ka danna Always, ba Just once ba. Shi ke nan.

Ɗaliba: Yaya Mai Gyara, wannan ɗan akwatin shi ya taɓa sa ni kuka. Lokacin ina kan Windows 7, garin gaggawa na ɗaura gajeriyar hanyar da ke kan fuskar kwamfuta, wato gunkin da ake dannawa a buɗe wata manhaja, ga manhajar rubutu, ban lura akwatin na da alama ba. Kafin in ƙifta ido, duk gumakan allon sun rikiɗe sun zama iri ɗaya. In taɓa burauza, manhajar rubutu ce; in taɓa ta kiɗa, ita ce dai, da wasu haruffa birjik marasa kan gado. Na ɗauka ƙwayar cuta ce, har na fara tunanin aikin makarantata ya tafi. Ashe dukkansu wutsiyarsu ɗaya ce, .lnk, wadda ba a ma nuna ta. Wani abokin karatuna ne ya shiga rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta, ya goge wani reshe mai suna UserChoice, muka kashe muka kunna, komai ya dawo.

Akanta: Ni tawa ta fi ciwo, don ba ta yi ƙara ba. An turo mini jerin lambobin waya a fayil ɗin CSV, wato jerin bayanai a rubutu zalla, na danna, manhajar lissafi irin ta Excel ta buɗe shi. Ta ɗauki lambobin a matsayin adadi, ta zubar da sifirin farko na kowacce. Na gyara suna ɗaya, na adana a kan na asali, na tura gaba. Sai washegari aka kira ni wai ba lambar da ke shiga. Tun ranar Notepad na ɗaura wa .csv. Ba kyan gani, amma abin da ke ciki kaɗai yake nuna mini, in ina son lissafi sai in shigo da shi da kaina in ce masa rubutu ne.

Mai Zane: A Mac, kwamfutar Apple, Open With na sau ɗaya ne. Ka zaɓi fayil, ka danna Command da I, ka sauya manhajar, sannan Change All. Na yi watanni ina tsallake maɓallin nan, ina mamakin yadda hoto ɗaya tak ke jin magana.

Mai Gyara: Hajiya Akanta, sannu. Wani abu kuma: sauya wutsiya da hannu ba ya sauya fayil. An kawo mini bidiyon da aka mayar da .mkv ɗinsa .mp4, ana jiran ya gyaru. Suna kawai aka canza masa. Kuma zaɓin na kowane mai shiga kwamfutar daban yake, in ku biyu ne sai kowa ya saita nasa.

Sakatare: Na yi, ta buɗe inda nake so, Allah ya saka da alheri. Na kuma shiga View na kunna nuna wutsiyar sunaye, sai ga wata "takarda" da aka turo mini makon jiya, ashe .pdf.exe ce, wato manhaja ce mai kama da takarda. Ban taɓa ta ba tukuna. Malam Mai Gyara, in goge ko?