Muhawarar malamai: ziyarar Finland da batun tarbiyya

Malamin lissafi: Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Na dawo daga ziyarar musayar ilimi a ƙasar Finland, inda muka zauna cikin azuzuwan firamare a birnin Helsinki, na rubuta rahoto na miƙa wa hukumar makarantarmu, amma har yau ba wanda ya buɗe shi, sai ma na ji ana cewa yawon buɗe ido na je. Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba. A can, bayan darasin minti 45 akan ba yara hutun minti 15, su fita fili ko da ƙanƙara na zuba, su dawo hankalinsu a kwance. Na ga yarinya ta rataye rigar sanyinta, ta cire takalmi a bakin aji, ta ɗauko littafinta ba tare da kowa ya ɗaga mata murya ba. Wannan tarbiyyar nake so mu gwada.

Tsohon shugaban makaranta: Wa alaikumus salam. Malam, na bi bayaninka da kyau har ka zo kan tarbiyya, a nan kuwa muka raba hanya. Ƙasar da ɗalibi ke kiran malaminsa da sunansa kai tsaye, ba Malam ba Malama, ita ce za ta koya mana tarbiyya? Tsari ka gani, kuma tsari daban, tarbiyya daban.

Malamar Turanci: Baba, a gafarce ni, amma idan tarbiyya ta tsaya ga yadda ake kiran suna, to mun sauƙaƙa ta da yawa. Yaron da ke rusuna wa malami a gabansa, ya yaga littafin ɗan uwansa da zarar malamin ya juya baya, ba zan ce ya fi wannan yarinyar tarbiyya ba.

Tsohon shugaban makaranta: 'Yata, na koyar tun ba a haife ki ba, kuma ban taɓa ganin ilimi ya zauna a zuciyar yaron da ba ya ganin girman malaminsa ba.

Malamin kimiyya: In tarbiyya ake nema, ai Japan ya kamata a tura shi, inda ɗalibai ke share azuzuwansu da kansu, su kuma sunkuya su gaida malami kafin a fara darasi.

Malamin tarihi: Ni tambayata ita ce, wa ya zaɓi Malam ya yi wannan tafiya, kuma bisa wane ma'auni? Kullum fuskoki iri ɗaya ake turawa, mu da alli ya cinye wa yatsu sai dai mu ga hotuna.

Malamar Turanci: Malam, wannan zargi ne marar hujja. Takarda aka cika, aka yi ganawa, kuma kai ba ka nema ba.

Malamin tarihi: Hajiya, sanarwar da ba a kafa ba sai bayan an rufe karɓar takardu, ta yaya zan nema? Kowa ya san ke da shi sashenku a haɗe yake.

Malamin kimiyya: A kuma tuna cewa Finland mutum miliyan 5 da rabi ne ko ɗoriya kaɗan, malamin firamare a can sai da digiri na biyu, kuma sakamakonsu a jarrabawar PISA da ake yi wa ɗaliban ƙasashe daban-daban don kwatanta su, wadda suka zo na ɗaya a fannin karatu a shekarar 2000, ya daɗe yana raguwa.

Malamin lissafi: Jama'a, don Allah, maganar hutun minti 15 na kawo. Ko aji ɗaya a ba ni na gwada na zango guda.

Mai kula da zaure: Za mu rufe a nan. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun gamsu da bayanin Baba, cewa girmama malami ne tushen tarbiyya kuma ba a ƙetare za mu koyo shi ba, sannan Malamin kimiyya ya nuna cewa su kansu mutanen Finland darajarsu ta ja baya. Batun yadda ake zaɓen masu tafiya kuwa, wanda na daɗe ina ƙorafi a kansa, zan sa shi a kan gaba a taron malamai mai zuwa.